Ƙanjamau: daga ranar da zuciyarka ta fara zargi, ga abin yi mataki-mataki

Akwai wani ɗan'uwana, ɗan wan babana ne, tela, gida ɗaya muka tashi. Sai bayan rasuwarsa muka tsinci takardar gwajinsa a ƙasan akwatin zare, ya ninke ta ya sake ninkewa har ta fara yagewa, kuma kwanan watan da ke jiki ya nuna sama da shekara biyu yana ɗauke da wannan sanin shi kaɗai a cikinsa. Duk tsawon lokacin nan mu muna ta cewa taifod ne, wasu su ce shawara, wata gwaggonmu ta ce ai sammu ne, ana ta jiƙe-jiƙe ana ta ƙarin ruwa a kemis, shi kuma bawan Allah ya yi gum. Ranar da muka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti tarin fuka ya riga ya gama da huhunsa. Allah ya jiƙansa.

Matarsa kuwa da aka lallaɓa ta ta je gwaji, an samu tana da shi, a satin ta fara magani. Yau ga ta nan ɓul-ɓul, ta yi wani auren, ta haihu biyu kuma duk yaran lafiyarsu lau ba wanda ya ɗauka. Cuta ɗaya, ɗaki ɗaya, abin da ya raba su kawai shi ya jira ita ba ta jira ba. Shi yasa duk abin da zan faɗa a nan za ku ga ina ta nanata awanni da kwanaki da watanni, don wallahi a harkar HIV ta yanzu lokaci shi ne kusan komai.

Na farko, ka raba HIV da ƙanjamau a kanka

Mu a gari duk ƙanjamau muke cewa, 'yan'uwanmu na Nijar su ce SIDA, amma abu biyu ne. HIV ita ce ƙwayar cutar, in ta shiga jiki sai ta dinga farautar wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda ma'aikatan asibiti ke ce wa sojojin jiki. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1500 a ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. In ba a sha magani ba suna ta raguwa a hankali, shekara da shekaru, wani har ya kai shekara 10 bai ji komai ba yana noma yana kasuwa yana aure. Sai sun sauka ƙasa da 200, ko cututtuka irin su tarin fuka mai tsanani da sanƙarau na naman gwari sun fara samun ƙofa, sannan ake cewa abin ya kai AIDS, wato ƙanjamau ɗin gaske. Wanda ya fara magani da wuri ya riƙe shi, yana iya tsufa har ya ga jikoki bai taɓa kai wa wannan matakin ba.

Tun 1981 aka fara ganin ciwon a Amurka, 1983 masana a Faransa suka gano ƙwayar, a Najeriya kuma 1986 aka fara ba da rahotonsa. Sunan nan na kabari kusa da aka laƙaba masa daga wancan zamanin ne, lokacin da babu magani ko kuma sai mai hannu da shuni. Mawaƙin nan Fela Kuti ya rasu da shi a 1997 kuma yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, shi ya fito ya faɗa wa duniya da bakinsa. Amma ka duba ɗan ƙwallon kwandon nan Magic Johnson, tun 1991 ya sanar yana da ita, har yau yana nan yana harkokinsa. Zamani ya canza, sunan ne kawai ya ƙi fita daga bakinmu, kuma tsoron sunan na cikin abin da ke hana mutane zuwa asibiti.

Na biyu, ka zauna ka auna abin da ya faru tsakaninka da Allah

Ƙwayar tana bin jini, maniyyi, ruwan gaban mace, ruwan dubura, da nonon uwa. Shikenan. Saduwa ba kwaroron roba ita ce babbar hanya, kuma saduwa ta baya ta fi kowacce haɗari nesa ba kusa ba musamman ga wanda aka shige shi, don fatar wurin tana saurin tsagewa. Mace ta fi namiji saurin ɗauka a saduwa ta gaba, kusan ninki biyu. In akwai ciwon sanyi ko gyambo ko ƙuraje a gaba, haɗarin yana ƙaruwa sosai, haka in shi mai ɗauke da ita bai daɗe da kamuwa ba, don a makonnin farko ƙwayar tana da yawa matuƙa a jininsa alhali shi kansa bai ma sani ba.

Sai allura da sirinji da aka yi wa wani aka sake yi maka, ko wajen masu allurar gida ko cikin samari masu tsira wa kansu ƙwaya a jijiya suna karɓa-karɓa. Sai ƙarin jinin da ba a tantance ba, wannan kam in jinin yana da ita kusan tabbas ne a ɗauka, don haka in za a ƙara wa naka jini ka tambaya kai tsaye an gwada shi ko ba a gwada ba, ba rashin kunya ba ne. Sai daga uwa zuwa jariri, zan dawo kansa a ƙasa.

Maganar wanzami da masu yankan farce da kilifar aski ana yawan tambaya. Ƙwayar HIV ba ta daɗewa a waje in jini ya bushe, don haka kilifa ba ita ce babbar damuwa ba. Inda ake fitar da jini ɗanye kuma a wuce kan na gaba nan take, kamar kaciyar yara da yawa da aska ɗaya, ƙaho, tsaga, cire beli, nan ne ya kamata ka tsaya kai da fata a sa sabuwar reza a gabanka. Kuma ciwon hanta na B ya ma fi HIV saurin bin waɗannan hanyoyin, shi yana iya kwana 7 a jikin ƙarfe da ransa.

Abin da ba ya kawo ta: cin tuwo kwano ɗaya, shan ruwa a moɗa ɗaya, buta, banɗaki, gaisawa, runguma, sahun sallah, zufa, hawaye, yawu, cizon sauro. Don Allah mu daina ware wa mutane kwano da cokali, wannan warewar tana karya zuciya fiye da yadda muke zato kuma ba ta kare kowa daga komai.

Babban binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita, mutum wajen miliyan 1.9 gaba ɗaya, mata sun ninka maza. Arewa maso yamma ita ce mafi ƙaranci, kashi 0.6. Amma kar wannan ya sa ka saki jiki, ka lissafa yawan mutanen Kano da Katsina da Kaduna ka fitar da wannan kason ka ga dubbai nawa ne, sannan ka tuna yadda muke aure-aure da saki da sake aure, namiji ɗaya ya shigo da ita gida mata uku ko huɗu su samu, a saki ɗaya ta kai wani gidan. Yawancin matan da na sani masu ita ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijinsu na sunna. Don haka batun wai ciwon 'yan iska ne, a bar shi.

Na uku, in abin bai wuce kwana uku ba, ka ajiye wayar nan ka tafi asibiti

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma yana ba ni takaici. Akwai maganin gaggawa da ake kira PEP, in aka fara shi cikin awa 72 da faruwar abu yana iya hana ƙwayar zama a jiki gaba ɗaya. Kwaroro ya fashe, ko an sadu da wanda ba a san matsayinsa ba, ko allurar mara lafiya ta soki nas ko mai shara, ko an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, duk PEP ake nema. Gwargwadon saurinka gwargwadon aikinsa, na awa 2 ya fi na awa 60, in an wuce 72 kuma ba ya amfani.

Ka je babban asibitin gwamnati mafi kusa, in dare ne ka shiga ta sashen gaggawa, ka ce musu kana son PEP kuma ka faɗi ranar da awar da abin ya faru. Za su fara gwada ka don su tabbatar ba ka da ita tun da can, sai su ba ka ƙwaya ka sha kullum har kwana 28 ba fashi. Ko ka ji tashin zuciya ko kasala kar ka tsaya, ka koma ka faɗa musu. In ka gama za a sake gwaji, sannan a maimaita a wata 3. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu kawai, ba matsewa ba zuba bilic.

Iyaye, a nan ina roƙonku. In an ci zarafin 'yarku, abin da aka saba shi ne a rufe ƙofa a yi ta kuka, a kira dangi, a je wajen mai unguwa, ana ta maganar rufin asiri, kafin a farga kwana biyar sun wuce. Ku fara da asibiti, duk sauran su biyo baya. A can za a ba ta PEP, a ba ta maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, a duba sauran cututtukan sanyi da ciwon hanta, kuma takardar likitan ma ita za ta taimake ku in za a je kotu.

Na huɗu, gwaji, da kuma sanin lokacin da rizal ɗinsa yake zama abin dogaro

Ba a gane mai HIV da ido. Mai ƙiba yana iya zama da ita, ramamme yana iya zama ba shi da ita. Wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa da ƙananan ƙuraje sati 2 zuwa 4 bayan kamuwa, su ɗauka maleriya ce ya wuce, wasu ko wannan ba sa yi. Zama kana karanta alamomi a intanet da tsakar dare ba abin da zai ƙara maka sai hawan jini. Gwaji ne kawai.

A asibitocin gwamnati da yawancin ƙananan asibitocin unguwa ana yi, sau da yawa kyauta. A Kano akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da asibitin Zana, a Zariya akwai Shika, kowace jiha dai babban asibitinta yana da sashen. In kunyar idon sani ce ke damunka, ka hau mota ka tafi wata unguwa ko wani garin, ba wanda zai ce sai ka yi a garinku. Ɗan tsira yatsa ne a ɗiga jini, minti 15 zuwa 20 an gama. In na farko ya nuna akwai, ba a yanke hukunci da shi, sai an sake da wani kalar abin gwajin daban ya tabbatar. Akwai kuma wanda mutum ke yi da kansa a ɗaki irin OraQuick, ka goga a dasashi ka jira minti 20, layi ɗaya babu, layi biyu sai ka je asibiti a tabbatar, kar ka yanke wa kanka hukunci da shi kaɗai.

To ga inda ake yawan kuskure. Gwajin gaggawan nan ba ƙwayar yake gani ba, martanin da jiki ya mayar yake gani, kuma jiki yana ɗaukar lokaci, daga wajen kwana 23 har zuwa 90. Na leb wanda ake ɗibar jini a jijiya yana iya ganowa daga kwana 18 zuwa 45. Ma'ana in abu ya faru ran Juma'a ka yi gwaji ran Litinin aka ce negetif, wannan rizal ɗin labarin wata ukun baya yake ba ka, bai san zancen Juma'a ba. Ka rubuta ranar da abin ya faru, ka yi gwaji yanzu, ka sake a sati 6, ka rufe da na wata 3. In na wata 3 ya fito babu kuma ba wani sabon abu da ya faru a tsakani, ka kwantar da hankalinka, babu ɗin ne. A cikin watannin jiran nan kuma ka kare iyalinka, ko ka yi amfani da kwaroro ko ka haƙura.

Gwajin kafin aure yanzu doka ce a Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa mata hannu a 2024, ta haɗa da HIV da ciwon hanta da jinotayif, kuma tun auren zawarawa na Hisbah da aka fara a 2012 ake gwada ma'aurata. Abu ne mai kyau amma takarda kaɗai ba ta isa ba, kowa ya san ana iya samo ta ta bayan fage. Shawarata ku je tare, ango da amarya da wani babba guda da aka yarda da shi, a tsira yatsun a gabanku. Kuma mai ƙaro aure, uwargida ma tana da haƙƙi a wannan gwajin, lafiyarta ce ake shirin haɗawa da ta wata.

Na biyar, in an ce babu

Alhamdulillah, sai a riƙe. Kamun kai da tsayawa kan iyali shi ne asali, amma ina magana da mutane yadda suke, kuma akwai wadda ita ta tsaya mijin ne bai tsaya ba. Kwaroron roba in an sa shi daidai tun daga farko har ƙarshe yana karewa ƙwarai. A duba kwanan watan lalacewarsa, kar a ajiye shi inda rana ke duka ko a aljihun baya wata da watanni, a matse kan ya fitar da iska kafin a warware, sau ɗaya ake amfani da shi, kuma kar a haɗa biyu. Kar a shafa masa basilin ko man gyaɗa ko man kaɗanya, mai yana cin robar ta fashe, mai santsi na ruwa ake sa wa.

Akwai kuma PrEP, maganin da wanda ba shi da cutar yake sha tun kafin, ƙwaya ɗaya kullum, yana fara karewa bayan kamar kwana 7, kuma ga wanda ke sha yadda aka ce kariyarsa ta fannin saduwa ta kai wajen kashi 99. Ya dace da matar da mijinta ke da ita kuma ƙwayar ba ta kwanta ba tukuna, wato magani bai gama rage yawanta a jininsa ba, ko duk wanda ya san rayuwarsa tana jefa shi haɗari akai-akai. Ana gwaji kafin a fara da kuma duk wata 3. Akwai na allura duk wata 2, akwai kuma sabuwa lenacapavir sau 2 kacal a shekara wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2025, ka tambaya a asibitinku wanne suke da shi. Kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60, amma ragewa ce, kar wani ya ce ai ni mai kaciya ne. Ciwon sanyi kuma a kai shi asibiti miji da mata tare, ba a yi ta haɗiyar kafso daga kemis ba.

Na shida, in an ce akwai

Ranar nan za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige, wasu ba sa ma jin sauran bayanin da ake musu. Ka yi kukanka, ka yi innalillahi, amma kar ka bar asibitin ba a buɗe maka fayil ba. Yanzu ba a jiran sai mutum ya kwanta, ranar da aka tabbatar ko cikin satin ake fara magani. Za su tambaye ka tari, zazzaɓi, zufar dare, rama, don neman tarin fuka wanda shi ne ya fi kashe masu HIV, za su auna CD4, da hali su duba ƙoda da ciwon hanta. Ka ba su lambar waya ta gaskiya da adireshi na gaskiya, masu ba da na ƙarya kansu suke cuta don in wani rizal mai muhimmanci ya fito ba yadda za a same su.

Maganin da aka fi bayarwa yanzu TLD ne, magani uku a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, sau ɗaya a rana, kuma maganin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2006. Ka zaɓi lokaci guda ka ɗaure shi da abin da ba ka fashinsa, bayan sallar asuba ko bayan isha'i, ka sa alam a waya. Makonnin farko wani ya ji ciwon kai ko tashin zuciya ko rashin barci, yawanci yana wucewa, mai rashin barci in ya mayar da shi safe yakan samu sauƙi. In ka manta ka sha da zarar ka tuna, in kuma lokacin na gaba ya kusa ka sha ɗaya kawai kar ka haɗa biyu. Da azumi ba sai ka zaɓi tsakanin ibada da magani ba, ka yi magana da likitanka kafin watan ya kama a mayar da lokacin bayan shan ruwa ko sahur. Direbobi da 'yan ci-rani da masu tafiya Umara ko aikin Hajji, ku faɗa tun da wuri a ba ku na wata 3 ko 6, kuma a jakar hannu ake sa shi.

Duk wani maganin da kake sha ka faɗa musu. Maganin olsa mai kama da madara, da na ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da kalsiyam, suna riƙe dolutegravir su hana shi shiga jini, don haka a sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Mai shan maganin tarin fuka ana ƙara masa dolutegravir, mai ciwon suga da ke shan metformin shi ma sai an duba masa. A rage haɗiyar diclofenac da ibuprofen barkatai saboda ƙoda. Wanda kuma yake da ciwon hanta na B tare da HIV, tsayar da TLD kwatsam yana iya tayar masa da hantar mummunan tashi.

Maganar masu cewa suna warkarwa. Za a kawo maka labari, wani mai magani a wani ƙauye, wani a rediyo, wani a TikTok da galan-galan na jiƙo da hotunan takardun gwaji. Har yau babu maganin da ke fitar da HIV daga jiki wanda ake ba jama'a. A 2007 Yahya Jammeh yana shugaban Gambiya ya ce shi yana warkarwa da ganyayyaki, aka sa mutane suka ajiye maganinsu, wasunsu suka mutu. Ka yi addu'a, ka sha zamzam, ka yi sadaka, duk alheri ne, amma duk wanda ya ce ka ajiye ƙwayarka to ka tashi daga gabansa. Abin da ke faruwa in an tsaya shi ne ƙwayar cutar ta farfaɗo cikin 'yan makonni, kuma shan yau a bar gobe yana koya mata yadda za ta bijire wa maganin.

A wata 6 za a ɗebi jininka a auna yawan ƙwayar, abin da suke kira bairal lod, a sake a wata 12, daga nan duk shekara. Kar ka bari a ɗiba kawai, ka tambayi lambar. In ta haura 1000 akwai matsala, ko fashi ake yi ko maganin ya daina ci, za a zauna da kai a gyara. In ta yi ƙasa da 200 ta zauna a nan, to ga albishir ɗin da ya kamata kowa ya ji: ba za ka sa wa matarka ko mijinki ta hanyar saduwa ba. An bi dubban ma'aurata shekaru ana dubawa, ɗaya yana da ita ɗaya babu, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga wanda ƙwayarsa ta kwanta ba. Amma kwanciya ta yi ba mutuwa ba, ran da aka bar magani za ta tashi.

Na bakwai, wa za ka faɗa wa

Ba kowa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, abokan majalisa da maƙwabta da dangin nesa ba dolenka ba ne. Amma wanda kuke shimfiɗa ɗaya haƙƙinsa ne, ɓoye masa cin amana ne kuma kana hana shi fara nasa maganin da wuri, ko PrEP in bai ɗauka ba. Mai mata fiye da ɗaya, dukkansu za a gwada, da yaran da aka haifa musamman ƙanana. In bakinka ya kasa, ka ce wa mai ba da shawara a asibiti ya taimaka, sun saba, sai a kira ku tare kamar gwajin iyali a yi bayanin a gabansu. 'Yar'uwa in kina tsoron duka ko saki ko a kore ki da yara, ki faɗa wa nas ɗin wannan tsoron tun farko, kar ki faɗa masa ku biyu a ɗaki da dare, a nemo wani babba mai hankali da riƙon sirri. Kuma wanda aka fara ganowa ba lallai shi ya kawo ta ba, sau da yawa mace ce ake fara ganewa kawai don ita ke zuwa awo.

Ka samu mutum ɗaya da zai dinga tuna maka magani, ya karɓo maka in ba ka da lafiya. Akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, kuma yawancin asibitocin suna da zaman da masu shan magani ke haɗuwa, a nan za ka ga wanda ya shekara 15 yana sha yana dariya, har aure ake ƙullawa. Ta fannin doka kuma, tun 2014 Najeriya ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta ko hana shi kulawa saboda HIV, ko fallasa matsayinsa ba da yardarsa ba.

Na takwas, mai ciki da mai goyo

In ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 na iyaye mata masu HIV, 15 zuwa 45 za su ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. In uwa tana shan magani yadda ya kamata sai ya sauko ƙasa da 5, in ƙwayar ta kwanta tun kafin ciki ma ya fi haka sauka sosai. Don haka awon ciki da wuri, tun watannin farko, a karɓi gwajin da ake yi a wurin, maigida ya bar ta ta je kuma ya fi kyau ya raka ta shi ma a gwada shi. A haihu a asibiti, in kuma haihuwa ta zo a gida hannun ungozoma to a kai jaririn asibiti a ranar, don akwai maganin ruwa da ake fara ba shi da zarar an haife shi har sati 6, wani a ƙara masa in haɗarin ya yi yawa.

A sati 6 ake masa gwaji na musamman na jarirai a fara ba shi Septrin, maganin da ke kare shi daga wasu cututtuka, a sake dubawa a wata 9, na ƙarshe a wata 18 ko bayan an yaye shi da 'yan watanni. Nono zalla wata 6, ba ruwa ba jiƙo ba koko ba madarar gwangwani a tsakani, nan ne ake fama da kakanni masu son ɗura, sai an dage, don gauraya nono da wani abu a watannin farko yana ƙara haɗarin. Bayan wata 6 a fara abinci a ci gaba da nono har aƙalla shekara, uwa na shan ƙwayarta kullum. In kan nono ya tsage ko ya yi ƙurji, ko bakin jariri ya yi fari, a je asibiti da wuri.

Sai wanda ya fara magani ya bari, wata shida ko shekara biyu, yanzu yana jin nauyin komawa kar a yi masa faɗa. Ka koma, ko katin ya ɓata ka je haka nan, ko wani asibitin ne ka gaya musu gaskiyar yaushe ka fara yaushe ka tsaya da irin ƙwayar da kake sha, kar ka shiga a matsayin sabo. In kuma kai ne mai jinya, ka lura da tarin da ya ƙi tafiya, zufar dare har ta jiƙa zani, zazzaɓi ko gudawa na makonni, farin abu a baki da zafi wajen haɗiya, numfashi sama-sama, ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ko ruɗewa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani kar a jira ranar kilinik kuma kar a tsaya kemis ƙarin ruwa, a nemi mota a kai shi babban asibiti a ranar, a tafi da robar maganinsa da katinsa, kuma a gaya wa likitan da ya fara duba shi cewa yana da HIV tun kafin ya tambaya.